Ciwon Asma: Mu Auna Numfashi Kamar Yadda Muke Auna Ruwan Sama

 Kaka ta yi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, mata sun shiga sussuka da shiƙa. Ga kuma hunturu ya kawo kai. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas, tana ɗauko ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta zubo mana ita a Tanut da Belbeji da Tarka da Gangara. A wannan lokaci ne za ku ji ƙirjin waɗansu mutane yana kuka da dare kamar ɗan kyanwa. Yau a kan wannan ciwo za mu yi magana. Sunansa asma.

Bari in fara da abin da na gani. Kakar bara na je ƙidayar dammuna a wani ƙauye yamma da Belbeji, dare ya yi mini can. Wajen asuba sai na ji wata mace tana tari a ɗakin da ke kusa, tana jan numfashi da ƙyar, ƙirjinta yana fito. Da gari ya waye na tambayi mai gidan. Ya ce: "Malamin gona, shekara 4 ke nan, da an soma sussuka sai abin ya taso mata. Da damina kuwa garau take, ita ke kai mana fura gona." Mutanen gida sun ɗauka tarin fuka ne. An ware mata ƙwarya da ludayi, an hana ƴaƴan kishiyarta shiga ɗakinta. An sayar da awaki 2 wajen neman magani. Na ce masa: "Baba, ni ba likita ba ne, amma ku kai ta a duba."

Da aka kai ta gidan likita aka auna kakinta, babu ƙwayar tarin fuka. Sai majo ya ɗauko wani ɗan bututu mai lambobi ya ce ta busa da ƙarfi. Ta busa, ya nuna 210. Ya ba ta maganin shaƙa, suka jira minti 15, ta sake busawa, ya nuna 290. Majo ya ce wa mijin: "Asma gare ta. Ba a ɗaukar ta, ku mayar mata da ƙwaryarta cikin na jama'a." Shekara 4 ana zato, awo ya raba gardama kafin a yi sallar azahar.

MENE NE ASMA?

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro, ta rabu cikin ƙananan hanyoyi a cikin huhu, kamar yadda rassan itace suke rabuwa. Ga mai asma, cikin waɗannan hanyoyi a kumbure yake, kuma ba ya jure komai. Da ƙura ko hayaƙi ko sanyi ya taɓa shi, sai hanyoyin su tsuke, majina ta taru. Ku tuna da tiyon ban ruwa na garka idan aka taka shi: ruwa yana fita kaɗan kaɗan, yana ƙara. Haka iska take yi a ƙirjin mai asma, musamman wajen fitar da ita.

Ba a ɗaukar asma daga ƙwarya ko tabarma ko tari. Tana bin dangi a wani lokaci, tana kama yaro, tana kama babba. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da ita a duniya, kuma ta kashe mutum dubu 455. Mafi yawan waɗanda suka mutu a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu suke, inda ba a gane ciwon da wuri, ba a samun maganin da ya dace. Asma ba ta warkewa ƙaf, amma wanda ya san yana da ita, ya kuma riƙe magani, yana noma, yana kiwo, yana barci lafiya kamar kowa.

YADDA AKE GANE TA

Alamunta 4 ne: kukan ƙirji, sarƙewar numfashi, jin an ɗaure ƙirji kamar da igiya, da tari. Ku lura da halinta, domin shi ne ke raba ta da sauran cututtuka. Tana zuwa ta tafi. Ta fi tsanani da dare da kuma asuba. Kuma akwai abin da ke tayar da ita: ƙaiƙayin hatsi wajen sussuka da shiƙa, ƙurar tsohon rumbu, harawa mai fumfuna, ƙurar injin niƙa, hayaƙin itace da na kashin shanu a cikin ɗaki, taba, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, feshin maganin ƙwari, hazo, mura, gudu. Waɗansu kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen ke tayar musu da ita.

Kada ku yanke hukunci a gida, don akwai cututtukan da suke kama da ita. Idan tari ya kai mako 2 ba ya tafiya, ga rama, ga zufa da dare, ga zazzaɓi da marece, ko ana ganin jini cikin kaki, to a yi zaton tarin fuka, wanda ake kira tibi. Shi ana ɗaukar sa. A kai kaki a auna. Maganinsa kyauta ne a ƙasarmu, ana shan sa wata 6. Idan yaro ya yi zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, yana numfashi da sauri, yana iya zama ciwon haƙarƙari, kuma ba ya jiran gobe. Idan mai jego tana haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, a yi zaton ciwon zuciya. Tsoho ko tsohuwa da suka daɗe cikin hayaƙi ko taba kuma, huhunsu yakan lalace, hakinsu ba ya tafiya ko da damina. Kowane ɗaya da maganinsa. Maganin wani ba ya yi wa wani.

AWON NUMFASHI

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, amma a kasuwa ba wanda zai yarda a sayar masa da hatsi da ido. Sai an kawo tiya. Mu ma a aikin gona, in an yi ruwa, wani ya ce an yi na shuka, wani ya ce bai kai ba. Sai mu je ga ma'aunin ruwan sama mu karanta milimetir nawa ya sauka, mu rubuta. To numfashi ma yana da nasa ma'auni, iri 2.

Na farko babba ne, ana kiran sa sipirometir. Wani likitan Ingila, John Hutchinson, ya fito da shi a shekarar 1846. Na yanzu ana haɗa shi da kwamfuta. Mutum ya cika ƙirjinsa, ya busa har iska ta ƙare. Na'urar ta nuna yawan iskar da ta fita duka, da wadda ta fita a daƙiƙar farko. Sai a ba shi maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, a jira minti 10 zuwa 15, ya sake busawa. Idan iskar daƙiƙar farko ta ƙaru da fiye da kashi 12 cikin 100, kuma ƙarin ya wuce mililitir 200, wannan shaida ce ta asma ga babban mutum. Dalili shi ne hanyar da ta tsuke ta buɗe da magani. Wannan na'ura ta manyan asibitocin birni ce, ba a samun ta a likitar ƙauye. In majo ya ba ku takarda ya tura ku babban asibitin Zinder don a ƙara bincike, kada ku ajiye takardar a ƙarƙashin tabarma.

Na biyu shi ne ɗan bututun da aka ba matar nan. Likitoci suna kiran sa debimetir. Mu kira shi ma'aunin busa. Wani likitan Ingila ne kuma, Martin Wright, ya fito da shi a shekarar 1959. Na yau na roba ne, bai fi tsawon zangarniyar hatsi ƴar ƙarama ba, ba ya bukatar lantarki ko batir. Yana auna ƙarfin fitar iska, litir nawa a minti. Namiji babba mai lafiya yakan kai wajen 500 zuwa 600, mace wajen 350 zuwa 450. Tsawon mutum da shekarunsa suna canza lambar, saboda haka kada ka gwada taka da ta maƙwabcinka. Idan bayan maganin shaƙa lambar ta hau da kashi 20 cikin 100 ko fiye, likita zai yi zaton asma. Ta matar nan daga 210 ta koma 290, ƙarin ya fi kashi ɗaya cikin 3.

Ga yadda ake busa shi:

1. Ka tashi tsaye, ka mayar da ɗan kibiyar kan sifiri.
2. Ka ja numfashi har ƙirji ya cika.
3. Ka kama bakin bututun da leɓɓa sosai, kada harshe ya toshe shi, kada yatsa ya tare kibiyar.
4. Ka busa sau ɗaya, da ƙarfi da sauri, kamar mai kashe fitila daga nesa.
5. Ka karanta lambar. Ka yi haka sau 3, ka rubuta wadda ta fi yawa.

Abu ɗaya ku riƙe. Tun da asma tana zuwa ta tafi, mai ita yana iya zuwa gidan likita da hantsi, a auna shi a tarar lafiya lau. Wannan bai nuna ba ya da ita ba. Ruwan kwana ɗaya ba ya nuna damina. Shi ya sa likita yakan ce a busa safe da marece har mako 2, da safe kafin a shaƙi magani, a rubuta kullum. Numfashin mai lafiya kusan daidai yake safe da marece. Na mai asma yana faɗuwa da asuba ya tashi da marece. In bambancin ya riƙa wuce kashi 10 cikin 100 ga babba, ko 13 ga yaro, alama ce. A rubuta kuma ranar da aka yi sussuka ko aka shiga rumbu, da ranar da aka huta. In lamba tana faɗuwa ranar aiki ta tashi ranar hutu, an kama ɓarawon.

Yaron da bai kai shekara 5 ba bai iya busa ma'auni daidai ba. Ga shi, likita yana dogara da abin da uwa ta gani. Yara da yawa ƙirjinsu yana kuka in sun yi mura, su daina da sun girma. Likita yakan ba da magani na wata 2 ko 3 ya ga ko yaron zai samu sauƙi. Uwa, ki riƙe ranakun da kyau, maganarki ita ce ma'aunin.

KORE, RAWAYA, JA

Bayan an gane ciwon an soma magani, awo bai ƙare ba. Lokacin da kake jin lafiya sarai, lambar da ta fi kowace yawa cikin mako 2 ita ce lambarka. Ka rubuta ta a bangon kaye. Mu ce lambarka 400 ce. Daga 320 zuwa sama, wato kashi 80 cikin 100, kore ne: ci gaba da magani da aikinka. Tsakanin 200 da 320 rawaya ne: ciwon yana tasowa, ka bi abin da likita ya rubuta maka, ka koma wurinsa cikin kwana ɗaya ko 2. Ƙasa da 200, wato ƙasa da rabi, ja ne: ka shaƙi magani, a kama hanyar gidan likita nan take. Amfanin ma'auni shi ne sau da yawa lamba tana faɗuwa tun kafin mutum ya ji a jikinsa, kamar yadda muke ganin ƙwan fara a gona tun kafin ta tashi.

Na san ba kowa zai samu ma'aunin busa ba. Amma kaye da bik suna kowane gari. Ƴan'uwa da kuka gama makarantar yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai ceci rai. Ku ja layi 5 a kaye: rana, tari ko haki da rana, farkawa da dare, sau nawa aka shaƙi magani, aikin da aka yi. Ku rubuta wa kanku, ku rubuta wa maƙwabcin da bai iya ba. Ƙarshen wata ku amsa tambaya 4, su ne waɗanda likitoci suke yi a ko'ina. Shin ciwon yana tasowa da rana fiye da sau 2 a mako? Ya tayar da shi daga barci ko sau ɗaya? Yana shaƙar maganin gaggawa fiye da sau 2 a mako? Ciwon ya hana shi aiki? In duka a'a ne, magani yana aiki. In akwai i ɗaya ko 2, da saura. In 3 ko 4 ne, a koma gidan likita da kayen a hannu. Majo yana ganin mara lafiya minti kaɗan ne. Kayenku zai nuna masa wata guda.

MAGANIN SHAƘA IRI 2 NE

Na farko salbutamol, wanda kuka fi sani da Ventoline, sau da yawa shuɗi. Yana buɗe hanyoyin iska cikin minti kaɗan, aikinsa ya ƙare bayan awa 4 ko makamancin haka. Ba ya taɓa kumburin. Na biyu, irin su beklometazon, shi ke kwantar da kumburin. Ba a jin aikinsa ran farko, sai an yi kwanaki ana shaƙar sa, ko ana ciwo ko ba a yi. A kurkure baki bayan an shaƙe shi. Tun shekarar 2019 masanan asma na duniya suka daina ba da shawarar babban mutum ya dogara da salbutamol shi kaɗai. Kamar mai gona ne da ke yanke kan ƙuduji ya bar saiwarsa. Gwangwani ɗaya na salbutamol yana da feshi 200. Wanda ke ƙarar da gwangwani 3 ko fiye a shekara yana cikin haɗari, ko da yana ganin yana samun sauƙi. Mai ciki kada ta bar maganinta don tsoro, rashin iska ya fi cutar da abin da ke cikinta.

Da yawa suna fesa magani a harshe, bai kai huhu ba. Ga dabara. A samu gorar roba mai rabin litir, a huda gindinta daidai bakin maganin, a soka shi ciki ba tare da ya bar kafa ba. A girgiza maganin, mara lafiya ya kama bakin gorar da leɓɓansa, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi sau 5 a hankali. Likitocin yara na birnin Kap a Afirka ta Kudu sun gwada wannan, suka bayyana a shekarar 1999 cewa gorar tana aiki kamar abin da ake saye a farmasi. A wanke ta da sabulu, a bar ta ta bushe da kanta.

Ku yi hattara da ƙwayoyin masu tebur da masu yawo da magani a ka ranar kasuwa. Waɗansunsu, irin su deksametazon da mata ke sha don ƙiba, suna kwantar da asma na ɗan lokaci. In aka daɗe ana shan su suna kawo hawan jini, ciwon sukari da raunin ƙashi. Irin waɗannan likita kaɗai ke ba da su, na kwanaki ƙidayayyu.

RANAR DA BA A JIRA

Ku sa yara su karanta wannan da ƙarfi a gida. A ɗaura amalanke ko a nemi babur nan take, ko da tsakar dare ne, idan mara lafiya ba ya iya gama magana ɗaya sai ya tsaya ya numfasa. Idan fatar tsakanin haƙarƙari da ta ƙasan maƙogwaro tana lotsawa. Idan harshe da cikin leɓɓa sun canza sun yi toka toka ko shuɗi. Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa. Idan yana gyangyaɗi ko ya rikice. Idan maganin shaƙa bai yi aiki ba. Ga yaro, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya da agogon salula lokacin da yake natse: daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 50 ko fiye ya yi yawa, daga shekara 1 zuwa 5, sau 40 ko fiye. Ga kuma wadda ke ruɗin mutane: in mutum yana ta fama sai kukan ƙirjin ya yi tsit alhali bai samu sauƙi ba, iskar ce ta kusa daina wucewa. Wannan ita ce alama mafi muni.

A kan hanya a zaunar da shi, kada a kwantar da shi. A fesa masa salbutamol ta gora, ɗaya bayan ɗaya, har sau 10 in bukata ta kama. Kada a turara masa hayaƙi, kada a ɗura masa jiƙo.

A GONA DA GIDA

Mai asma ya tsaya ta inda iska ke fitowa wajen shiƙa, ƙaiƙayi ya bi gaba. Ya rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle mai kauri. Wani ya shiga tsohon rumbu ya share a madadinsa. Kada a ba shi famfon feshin maganin ƙwari. A yi girki a fili ko a ɗaki mai taga, a yayyafa ruwa kafin shara, kada a sha taba kusa da shi. Matar nan da na ba ku labarinta, bana kishiyarta ce ta karɓi shiƙa, ita kuma ta karɓi ɗiban ruwa. Ɗanta da ya yi yaƙi da jahilci shi ke riƙe da kayen. Da na koma ƙauyen na duba shi, cikin kwana 30 sau ɗaya ta farka da dare.

To ƴan'uwa, duk wanda ya san mai kukan ƙirji a gidansu ko a unguwarsu, ya soma rubuta masa tun daren yau. Bayan mako 2 a ɗauki kayen a raka shi gidan likita na Belbeji, ko na Tanut, ko wanda ya fi kusa, a roƙi majo ya auna kaki ya kuma auna numfashi. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ci abin da muka noma cikin kwanciyar hankali. Amin.

Daga malamin gona, Belbeji